Almakashin Gwaggo Sulieti

Pangai, Ha'apai
4 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Tisiola, mai girma kuma mai tsawo, majefiyar ƙwallon netbol ta ƙasar Tonga baki ɗaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ta dace ƙane ya miƙa wa yayarsa yana duban ƙasa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da gwiwarki ta hagu. Mama tana gaishe ki. Yaya Fane tana gaishe ki. Aladun gidan nan da suka tsira daga hidimar jana'iza, su uku, su ma sun ba ni saƙo.

Da hannu na rubuta, na ɗauki hotonta na turo, domin marigayi Baba, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga hatimi a gidan waya, bai taɓa yarda cewa maganar da aka danna da babban yatsa magana ce ba. Ga kuma al'ada da ta hana ni yi miki wasa baki da baki. Takarda ce kaɗai filin da aka bar mini, sai ki yi haƙuri da tsawonta.

Yanzu ga mas'alar. Ki zauna.

Kowa ya san iska ce ta tsare ki kwana huɗu a Nuku'alofa, babu jirgin ruwa babu na sama, har aka binne Baba ba ki iso ba. Wannan babu mai ganin laifinki. Kowa kuma ya san kin juya kin koma Brisbane saboda ƙungiyar da kike yi wa wasa. Wannan an ɗan yi gunaguni, an haɗiye. A rana ta goma ta makoki Gwaggo Sulieti ta zauna a kan kujera a tsakar gida, Yaya Fane ta durƙusa gabanta da sakakken gashi, Gwaggo ta yanke shi, kamar yadda yayar uba ke yi wa 'ya'yan ƙanenta tun kafin a ƙirƙiri almakashi. Aka yi kuka, aka ci doya, aka watse.

Sai ga shi ranar Talatar nan Gwaggo tana ɗakin saƙa tare da mata goma sha biyu, kowace da bakin tabarma a cinya, wata baiwar Allah da ba zan ambaci sunanta ba, wato Seini, ta miƙa mata waya tana cewa, "Ke Sulieti, ashe kin je Ostareliya ba mu sani ba? Dubi askin da kika yi wa 'yarki!" Hotonki ne, Yaya. Ga ki a ɗakin canza kaya, kai kamar kwakwar da aka fere, kitson nan naki mai kaiwa ƙugu yana hannun wata Baturiya tana washe baki, a ƙasa kuma kin rubuta: "Domin Babana."

Waɗanda suka halarta sun shaida abin da Gwaggo ta yi. Ta ƙarasa layin da take saƙawa, ta naɗe, ta tashi. Da yamma ta aiko a kira ni. Na je na zauna a bakin ƙofa, inda matsayina yake, ta ba ni hukunci in isar kalma da kalma:

"Tunda ta sami wata gwaggon a can, sai waccan ta cire mata baƙin kayan makoki. Ni a wurina shekara guda cur za ta yi a cikinsa. Abin da take yi don cin abincinta a ƙasar mutane ba ruwana. Amma jar rigar ƙasar nan, da sunan ƙanena a bayanta, ba za ta sa ba."

Na ce, "Gwaggo, gasar neman gurbin Kofin Duniya fa saura mako bakwai a Suva." Ta ce, "Suvar ce ta haife ta?"

Ki huta lafiya, in hutun zai yiwu.

Ƙanenki mai biyayya, jakada ba da son ransa ba,
Kelepi


Brisbane
6 ga Afrilu

Kelepi,

Ina gaisuwa. Ka gaida Mama da Fane. Aladun ka bar su.

Na karanta sau uku, ban yi dariya ko sau ɗaya ba, don haka ka rage.

Ni ban yi don in raina kowa ba. Na ƙirga kwanakin a nan. Da rana ta goma ta zo na san Fane tana durƙushe, ni kuma ina tsaye ƙarƙashin zoben da muke jefa ƙwallo ciki ina jifa ɗari biyu na safe kamar babu abin da ya faru. Na kasa. Na shiga ciki na miƙa wa Bronwyn, mai tsaron bayanmu, almakashin da muke yanka filasta da shi, na ce ta yanke. Tana kuka tana yankewa. Kukan ne ka ce washe baki. Shekara goma sha biyar ina ƙasar nan, Kelepi. Na tuna ana yankewa, ban tsaya na tuna hannun da ya kamata ya yanke ba.

Ka san shekaruna, talatin da uku. Kofin farko gwiwa ta hana ni. Na biyu mun rasa gurbin da ƙwallo ɗaya, kuma ni na zubar da ita. Ta taɓa bakin zobe, ta zagaya, ta faɗo waje, Baba yana zaune a layi na uku da rigarsa ta coci. Da muka dawo gida ya sake ɗaure zoben gangar nan a jikin kwakwar bayan kicin, inda ya fara koya mini, ya ce, "Saura ɗaya." Wannan ce ɗayar. Babu wata a bayanta.

Koci za ta miƙa sunaye goma sha biyu ranar 9 ga Mayu. Ta ce mini ita ma 'yar Tonga ce, daga Vava'u, ba za ta sa a fili yarinyar da gwaggonta ta ɗaure ba, ko da ni na yarda. Ni ma ba zan yarda ba. In na buga, ni tafiyata zan yi, Mama ce za ta zauna a Pangai ana binta da kallo a coci.

Ka je ka ba ta haƙuri. Kai ne mai baki. Ka kai mata abin da ya kamata.

Yayarka,
Tisiola


Pangai
15 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Tisiola, wadda ta umarce ni in rage,

Bayan gaisuwa ragaggiya, bisa umarni, ga rahoton tawagar sulhu ta farko da ta biyu, da abin da ya same su.

Tawaga ta farko ta ƙunshi ni kaina, da Kawu Sefo ƙanen Mama a matsayin mai riƙe igiya, da alade guda, na tsakiya cikin ukun nan da kika ƙi amsa gaisuwarsu, da saiwar kava, irin wadda ake jiƙawa a sha a taron manya, wadda sai da mutum biyu suka ɗauka. Na ɗaura tsohuwar tabarmar makoki har hammata, tana cizona. Na shirya jawabi mai sassa bakwai. Na fara da zuwan kakanninmu cikin kwalekwale. Ina sashe na uku, inda na kwatanta ki da tsuntsuwar teku da guguwa ta raba da sheƙarta, kwatancen da Kawu Sefo ya share hawaye dominsa, sai Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Kelepi, kai ka yi askin?"

Na ce a'a.

"Kanka aka aske?"

Na ce a'a.

"To me kake yi a ƙofata da alade?"

Aladen dai ta karɓa. Hukunci bai motsa ba ko taku ɗaya.

Tawaga ta biyu Fasto ne ya jagorance ta. Ya saurare ni da natsuwa, ya tabbatar mini cewa yafiya ginshiƙin addini ce, ya sa takalmi muka kama hanya. Muna hango rufin gidanta sai ya tuna akwai wani maras lafiya a Holopeka. Bincikena ya nuna cewa Gwaggo ce ta koya masa karatu a aji biyu, kuma har yau kunnensa na dama ya fi na hagu tsawo.

Akwai abin da ban gaya miki ba a takardar farko, domin ba wurin wasa ba ne, ni kuma wasa kaɗai na iya. A rana ta goma tabarma biyu Gwaggo ta sa aka shimfiɗa a gabanta. Da ta gama da Fane ba ta tashi ba. Aka ce mata kin koma, ta ce jirgin Laraba bai shigo ba tukuna. Ta zauna da almakashin a cinya, na Kaka, mai baƙin mariƙin nan, har jirgin ya shigo, ya sauke kaya, ya tafi. Sannan ta sa aka naɗe tabarma ta biyun.

Jiya Fane ta kai mata kifi ta ga igiyar. Gashin Fane ne take tufkawa, igiyar da zan ɗaura tabarmata da ita ranar da za a buɗe dutsen kabarin Baba. Ta kai rabi ta tsaya, ta bar bakin a sake. Kin san abin da ya rage ya shiga.

Saboda haka tawaga, bayan dogon nazari, tana tambaya: ina kitson? Ki naɗe shi cikin farin ƙyalle ki ba duk mai tahowa. Ban ce zai buɗe ƙofa ba, amma zai fi alade.

Allah ya ba gwiwa lafiya.

Ƙanenki, shugaban tawaga kuma mambanta na ƙarshe,
Kelepi


Brisbane
18 ga Afrilu

Kelepi,

Gaisuwa. Ka zauna, kai ma.

Babu kitson. Akwai masu karɓar gashi a nan suna yi wa yara masu ciwon daji hular gashi. Bronwyn ta ce kitso irin wannan zunubi ne a bar shi a jaka. Washegari na sa shi a ambulan. Jiya na kira su, matar ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce an riga an haɗa shi da na mutum shida, ba a warewa.

Kuma hannuna ya lalace. Kafin kowane jifa nakan wurga kitson baya da kai, in lanƙwasa gwiwa, in saki. Shekara ashirin haka nake yi, ban ma san ina yi ba. Yanzu ina wurga kai babu abin da ke tafiya, kafin in ankara hannun ya riga ya tashi. A da tara cikin goma ke shiga. Makon nan bakwai. Akwai wata yarinya, Pelenaise, shekararta goma sha tara, ta fi ni tsawo da ɗan yatsa, ba ta san abin da ake kira ciwon gwiwa ba. Tana kirana Anti. Jiya ta ɗauko mini kujera.

Sansanin horo zai fara 2 ga Mayu a Auckland. Koci ta ce duk wadda ta bar sansani ko na kwana ɗaya ta manta da farawa a fili. Don haka kada ka ce in zo. Daga nan zuwa Pangai da dawowa kwana biyar ne, in iska ta ga dama.

Ka ce wa Gwaggo kitson yana hanya. Ka ja mini lokaci, zan yi tunani.

Tisiola


Pangai
28 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Tisiola,

Bayan gaisuwa, wadda a yau ta fito da ƙyar.

Na faɗa mata yana hanya, bisa umarninki. Sakamakon shi ne tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu ta ɗaura tabarma ta tafi bakin jirgi ranar Laraba, ta tsaya cikin rana tana duban hannun kowane fasinja. Ta koma ranar Asabar. Da na ji tana tambayar Fane ko akwai jirgi ranar Litinin, hankalina ya bar jikina, kuma a rashinsa na aikata abin da tarihi zai daɗe yana jinjinawa.

Kawu Sefo yana da goɗiya, baƙa, mai wutsiya har ƙasa. Ba zan tsawaita ba. Na wanke da sabulu sau uku, na shafa man kwakwa mai ƙamshi, na kitsa da hannuna, na naɗe cikin farin ƙyalle, na kai da rarrafe.

Gwaggo ta buɗe. Ta zaro sili ɗaya ta ɗaga shi ga haske. Ta ja shi tsakanin haƙoranta.

"Ciyawa yarinyar nan take ci a Ostareliya?"

Na ce abincin Turawa yana da ban mamaki.

"Ka gaida Sefo. Ka ce masa bana ƙudaje za su ci goɗiyarsa, kuma alhakin yana kanka. Yanzu ka gaya mini gaskiya, kafin in tashi."

Na gaya mata. Har da ambulan, har da mutum shida. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Ta naɗe ƙyallen, sannan ta ce, "Yaran suna warkewa?" Na ce wasunsu. Ta ce in miƙo mata takarda da biro in fita. Abin da ta rubuta yana biye da wannan. Ban karanta ba, sai dai lokacin ɗaukar hoto idona ya faɗa kansa sau biyu.

Yanzu ki ba ni izini in ajiye manyan kalmomi na minti ɗaya. Na rasa alade, na rasa mutuncina a ɗakin saƙa, Kawu Sefo ba ya amsa gaisuwata, Mama ta daina zuwa taron mata don kada a tambaye ta. Ni ban taɓa ganin kina wasa ba, Yaya, kin san ba ya halatta in gan ki cikin guntuwar rigar nan. Duk wasanninki a rediyon Baba na ji su, a bayan gida. Amma dokokin na haddace. Ƙwallo in ta zo hannu ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku. Ke kin riƙe wannan mako huɗu, kina neman wanda za ki miƙa wa. Babu kowa. Ni ba a yarda in shiga da'irar jifa ba. Ke ce mai jifa.

Ƙanenki, wanda ya gaji,
Kelepi


Pangai
28 ga Afrilu

Tisiola 'yar Manase,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji.

Na goyi ubanki a bayana yana da wata shida, ranar da uwarmu ta koma gona. Ni na kai shi makaranta. Ni na je neman auren uwarki. Da ya mutu maza suka haƙa kabari, mata suka yi girki, Fasto ya yi addu'a. Aiki ɗaya ne ya rage nawa a duniyar nan da zan yi wa Manase, kika ba wata shi da almakashin filasta.

Gashin da kika ba yaran ban ce ki karɓo ba. Da kin tambaye ni, da na yanke da hannuna na ba ki rabi ki kai musu.

Kin aiko mini alade, kin aiko Fasto, kin aiko doki. Ke ban gan ki ba.

An ce mini sauran gashin kanki bai kai gaɓar yatsa ba. Almakashin uwata yana kama abin da bai kai haka ba.

Gwaggonki,
Sulieti


Auckland
3 ga Mayu

Kelepi,

Na kwana ɗaya a sansani. Yau da safe na gaya wa koci. Ta ce ta fahimta, ta kuma ce doka doka ce. Pelenaise za ta fara duk wasannin. In maganar Gwaggo ta iso kafin ranar 9, sunana zai shiga a na goma sha biyu, in zauna a benci. Na cire rigar GS, ta mai jifa, na miƙa wa yarinyar da hannuna. Ta ce, "Anti, zan riƙe miki." Na so in mare ta, na rungume ta.

Ina jirgin Laraba. Ka ce wa Mama ta fito mini da tabarma mafi tsufa a gidan. Kada ka shirya jawabi.

Yayarka,
Tisiola


Pangai
11 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Tisiola, ta goma sha biyu cikin goma sha biyu,

Bayan gaisuwa, tare da fatan jirgi ya sauke ki lafiya. Kwana biyu kika yi a gidan nan, kalma tara muka yi da ke, huɗu daga ciki "miƙo mini gishirin nan" ne. Sauran maganar ga ta.

Ke kanki yana sunkuye, don haka ba ki ga abin da muka gani ba, kuma wajibi ne a rubuta shi domin na baya. Da kika durƙusa, ko a durƙushen kin kusa kai Gwaggo tsawo, sai da ta ce, "Ƙara ƙasa, ni ba zobe ba ce." Sau biyu almakashin ya rufe a kan iska. Fane tana biye da ita da farantin shayi tana tare abin da ke faɗowa, iska kuma tana neman rabonta. Duka abin da aka samu bai cika cokali ba. Da Gwaggo ta ce, "Tashi ki sa jar rigarki," Seini ta fashe da kukan da ya fi na kowa ƙarfi, ita da ta kunna wutar.

Bayan tafiyarki Gwaggo ta gwada tufka shi, ya ƙi, ya yi gajarta. Sai ta tattara shi ta cusa cikin ƙullin ƙarshen igiyar, ta naɗe da baƙin zare. Igiyar ta fito guntuwa, da ƙyar take zagaya ƙuguna. An umarce ni in rage cin doya kafin ranar buɗe dutse.

Wani sabon al'amari kuma ya taso. Jiya ta tambaye ni, "Wasan nan da aka tayar mini da hankali dominsa, a ina ake kallonsa?" Na ce a waya. Ta ce ni zan riƙe mata. Na tuna mata cewa ba ya halatta in kalla. Ta ce, "Wa ya ce ka kalla? Ka riƙe, ka juyo da fuskar wajena."

Ƙanenki, wanda aka ƙara wa girma zuwa matsayin teburi,
Kelepi


Pangai
27 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Na san ba ki son magana yau, amma rahoto rahoto ne.

Wasan ƙarshe, wanda ya ci ya tafi Kofin Duniya. Na durƙusa a gaban kujerar Gwaggo da waya a hannu biyu, bayanta yana wajena, matan ɗakin saƙa sun cika barandar. Ni fuskar Gwaggo kaɗai nake gani, a kanta na kalli wasan.

Zangon farko ta ce, "Ina take?" Fane ta nuna mata benci. Zango na biyu ta ce, "Wannan doguwar mai zubarwa 'yar gidan wa ce?" Zango na uku aka ba mu ratar tara, ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Na cire mata baƙi ne don ta zauna tana riƙe wa mutane ruwa?" Ta umarce ni in kira kocin. Na yi bayanin cewa wayar tana kan aiki.

Da aka shigo da ke a zangon ƙarshe ba wanda ya gaya mini, na gani. Ta daina ƙifta ido. Duk lokacin da ƙwallo ta zo hannunki sai ta ɗaga haɓa, ta riƙe numfashi, sannan ta sauke. Na ƙirga saukewar haɓa goma sha huɗu. Ko sau ɗaya ba ta runtse ido ba, daga nan na san babu wadda ta faɗo waje. A ta goma sha ɗaya ta damƙi kunnena, kuma yanzu na fahimci Fasto.

Sai aka busa. Hamsin da uku da hamsin da ɗaya. Mu ne da hamsin da ɗayan. Gwaggo ta saki kunnena ta ce, "Da ta fara tun farko fa?" Ta zauna tana kallon tsakar gidan, daidai inda aka shimfiɗa tabarmar.

Ba ni da babbar kalmar da ta dace da nan. Na duba.

Ƙanenki,
Kelepi


Suva
28 ga Mayu

Kelepi,

Na gode. Ka shafa wa kunnen man kwakwa.

Ba mu je ba, shi ke nan. Baba ya ce saura ɗaya, ga ta ta wuce. Gwiwar ta kumbura kamar kabewa. Zan ƙarasa kakar nan da ƙungiyata in ajiye. Ka gaya wa Mama da Gwaggo, kai ka iya faɗa. Ka kwance zoben gangar daga jikin kwakwa, ka ba yaran makaranta.

Yayarka,
Tisiola


Pangai
30 ga Mayu

Tisiola 'yar Manase,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji.

Kelepi ya zo da jawabi, wai za ki ajiye. Wa kika tambaya?

An ce mini sai bayan shekara huɗu. Zan kai saba'in da takwas, uwata ta kai casa'in. Zoben yana nan inda Manase ya ɗaure shi, na hana a taɓa.

Ki kai gwiwar asibiti. Ki bar gashin ya tsiro.

Gwaggonki,
Sulieti